Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanina Kan Kwazazzabon Taroko

Assalamu alaikum ƙanina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Ka tambaye ni inda sunan Taroko ya samo asali, domin ka ji bai yi kama da Sinanci ba. To, gaskiyarka ce.

Kwazazzabon yana gabashin tsibirin Taiwan, a yankin Hualien. Kogin Liwu ne ya yi ta cin dutsen marmara har ya tsaga shi biyu, tsawon kusan kilomita 19. A wani wuri da ake kira Yanzikou, bangon dutsen cike yake da ƙananan ramuka da ruwa ya haƙa, tsattsewa na ta shawagi a gabansu. Kafin ka shiga sai ka sa hular kwano, saboda tsakuwa kan gangaro daga sama ba sallama.

Sunan kuwa na mutane ne. A da, ƙabilar Truku ce ke zaune a tsaunukan, suna farauta, matansu suna saƙa, ana gane su da zanen fuska. Japanawa, waɗanda suka mulki Taiwan daga 1895 zuwa 1945, su ne harshensu ya mayar da Truku ya koma Taroko. A 1914 gwamnansu Sakuma Samata ya hau kan Truku da dubban sojoji. Da aka ci su da yaƙi, aka hana zanen fuska, sannu a hankali aka sauko da su daga ƙauyukansu zuwa gindin tsaunuka. A 1937 Japanawa suka mai da wurin gandun shaƙatawa, gwamnatin Taiwan kuma ta sake kafa shi a 1986. Amma sai a 2004 aka amince da Truku a hukumance a matsayin ƙabila mai zaman kanta. Ka ga, duniya ta san sunansu a jikin dutse tun kafin a san da zamansu a takarda. Wannan ne ya fi taɓa mini zuciya.

Akwai kuma waɗanda suka fasa hanyar da baƙi ke bi. Tsakanin 1956 da 1960, dubban ma'aikata, galibinsu tsofaffin sojoji, suka sassaƙe dutsen da diga da nakiya, wasu a rataye da igiya. Fiye da 200 sun rasa rayukansu. An gina musu wurin tunawa a jikin tsauni, da sunayensu a rubuce, ruwa na kwarara daga ƙarƙashinsa rani da damina.

Girgizar ƙasar da aka yi ranar 3 ga Afrilu, 2024 ta zubo da duwatsu, ta hallaka mutane, ta sa aka rufe hanyoyi da dama. Don haka in Allah ya kawo ka, ka fara bincika inda aka buɗe, ka kuma bi umarnin masu gadi. Kada ka tsaya ga ɗaukar hoto kaɗai. Ka nemi mutanen Truku, ka sayi saƙarsu, ka ji tarihin daga bakinsu, domin su ne masu wurin.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka dage da karatu. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Yayanka