Muryar Shata da Amshin da Ya Bi Mu Gona

Duk wanda ya kwana biyu a duniya a wannan yanki namu na Funtuwa da Malumfashi ya ga mawaƙa da yawa sun tashi kamar ƙura sun kwanta, ya kuma ga 'yan kaɗan da ƙasa ta rufe musu ido amma bakin jama'a bai bar su ba. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, doguwar waƙa mai zurfi ba ta shiga gari sai da abu biyu: muryar uban waƙa wadda ake shaida ta tun bai gama buɗe baki ba, da amshin da mai sauraro zai iya saɓawa ya tafi da shi gona. Hujjata tana nan kusa, ba sai an tsallaka teku ba. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi zaman Bakori kafin ya kafa gida a Funtuwa, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Bakandamiyarsa doguwa ce, ba ta da tsayayyen ƙarshe, yau ya ƙara ɗa, gobe ya sauya wani, ga habaici ga kirari ga labarin yawon duniya. Mutum nawa ne suka haddace ta daga farko har ƙarshe? Amma tsaya a bakin masana'antar gurzar auduga ko cikin motar kasuwar Bakori ka ɗauko amshinta, kafin ka rufe baki wani ya karɓe maka.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga manomi. A wajen gayya makaɗi ne ke jefa magana, masu garma su amsa da gajeriyar kalma wadda ta dace da saukar hannu, domin mai huɗa ba shi da numfashin dogon baiti. Shata ya ɗauki wannan rabon aiki ya kai shi fagen sarakuna da attajirai: shi ya riƙe wahalar, wato saƙar magana nan take ba tare da takarda ba, ya bar wa 'yan amshi da jama'a sauƙin. Shi ya sa har waƙar da ya yi wa kumbon Apollo 11, abin da bai shafi masara ko dawa ba, ta samu masauki a ƙauye.

Turawa ma sun taka wannan sawu. A Ingila, wajen ƙarshen shekarun 1960, wasu ƙungiyoyin kiɗan rok sun ɓullo da salon dogayen waƙoƙi masu sarƙaƙiya, inda makaɗa ke baje gwaninta. Ƙungiyar Yes ta fitar da wata waƙa a 1972 wadda ta haura minti 18, masana suka yaba, amma sai da ta fitar da gajeriya mai kama baki a 1983, da siririyar muryar mawaƙinta Jon Anderson, sannan ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka. Labarin Genesis ya fi ba ni sha'awa. Da mawaƙinsu Peter Gabriel ya bar su a 1975, mai gangarsu Phil Collins ne ya fito gaba ya karɓi waƙa, kuma a hannunsa ne suka yi farin jinin da ba su taɓa yi ba. Ganga ɗaya, makaɗi ɗaya, amma duniya ba ta riƙe sunansa sosai ba sai da ya buɗe baki.

Na san za a ce mini ai kuɗin iyayen gida da Rediyon Kaduna da zuwan kaset ne suka ɗaga Shata. Sun taimaka, babu musu. To amma rediyon nan ya sa waƙoƙin mutane da dama, masu aiko da wasiƙu a shirin zaɓi sonka kuwa ba wanda ya tilasta musu abin da za su roƙa. Iyayen gidan kuma, da yawansu yau ba a tuna su sai ta cikin waƙar da aka yi musu, ka ga ashe waƙar ce ta ɗauke su. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya zo ne bayan talakawa sun daɗe da yanke nasu hukuncin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na makaɗa. Ana cewa wannan ra'ayi nawa ya danne haƙƙin masu kalangu, waɗanda su ne ke riƙe da ƙugun waƙar, su ja ta su sassauta, har su tuna wa mawaƙi inda ya tsaya. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne a ce mai ƙaunar Shata zai lissafa waƙoƙinsa hamsin amma ya kasa kiran sunan makaɗinsa ko ɗaya. Sai dai bayyana yadda jama'a ke so daban, amincewa da adalcinsa daban. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kaɗai ya cika ƙasa, shi ne mawaƙi shi ne ɗan amshin kansa, alhali ban san wata tawagar kalangu da ta ci gaba da jan taro irin na da bayan rasuwar uban waƙarta ba.

Akwai kuma masu cewa amshi mai sauƙi yana arahantar da fasaha, kamar yadda tsofaffin masoyan Genesis suka zarge su da sayar da mutunci. Nan dai ina tare da su rabi da rabi. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Ɗanja nan maƙwabtanmu, ya gwada a zaɓen 2015 cewa amshi ɗaya na iya karaɗe Arewa cikin 'yan makonni, da fiyano da wayar hannu maimakon kalangu, kuma wannan baiwa ce ba ƙarya ba. Amma yawancin waƙoƙin siyasa na situdiyo, nasa da na sauran, amshin ne ke ɗauke da kayan duka, shi ya sa suke kwanciya da zarar an ƙirga ƙuri'a. A wajen Shata amshi ƙofa ce kawai. Yaro ya shiga ta nan don daɗin kiɗa, sai ya kai shekara arba'in sannan ya gane wa ake yi wa habaicin da ke cikin ɗa na bakwai.