Yawo a Landan: Darasin Turanci Daga Allunan Tashoshin Jirgi

Duk ɗalibin da malamin Turanci ya taɓa zagaye masa kalma da jan biro saboda ɗan ɗigon da ya manta, ya san zafin abin. To, a wannan makon za mu kai ku Landan, babban birnin Birtaniya, ku ga yadda masu harshen da kansu suke fama da shi. Allunan tashoshin jirgi da na tituna kaɗai sun ishe mu aji.

Tashoshi biyu, ƙa'ida biyu

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Heathrow, ɗaya daga cikin hanyoyi mafi araha zuwa tsakiyar gari ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutanen garin suna kiran sa Tube, domin ramin da yake bi kamar bututu yake. An buɗe layinsa na farko a 1863, kuma shi ne irinsa na farko a duniya. Layin da za mu hau sunansa Piccadilly, wanda ya fara aiki a 1906, a taswira kuwa an zana shi da shuɗi mai duhu.

Mafi yawan tafiyar farko a fili ake yin ta. Ta taga za ku riƙa hango bayan gidajen jan bulo a jere, kowanne da ɗan lambunsa. Kafin jirgi ya nutsa cikin rami, zai tsaya a wata tasha mai suna Barons Court. Tasha ta gaba kuwa Earl's Court. Ku dubi sunayen nan biyu da kyau. Na biyun yana da ɗan waƙafi a sama tsakanin l da s, na farkon ba shi da shi, alhali maƙwabtan juna ne kuma hukuma ɗaya ce ta rubuta allunansu.

Wannan waƙafin sama shi ne Turawa ke kira apostrophe, kuma babban aikinsa nuna mallaka. Earl sarauta ce ta Turawa, kamar a ce babban hakimi. A zamanin da, masu sarautar Earl na Oxford ne ke riƙe da ƙasar wannan unguwa, a nan kuma fadarsu ke zama, shi ya sa aka ce Earl's Court, wato fadar Earl. Ita kuwa Barons Court sunan da aka laƙaba wa sabuwar unguwa ne a ƙarni na 19, aka rubuta shi ba waƙafi, ya kuma zauna haka.

Can gaba a wannan layi akwai King's Cross, mahaɗar hanyoyi inda aka taɓa kafa mutum-mutumin Sarki George na Huɗu. An rushe shi a 1845, amma suna ya tsaya da waƙafinsa. Sarki ɗaya ne, don haka waƙafi ya zo kafin s. Da sarakuna da yawa ne, da sai a rubuta Kings' Cross. Ƙa'idar ke nan da ke raba the boy's books, littattafan yaro guda, da the boys' books, littattafan yara da yawa. A baki duk ɗaya suke, a takarda kuwa mai duba jarrabawa yana ganin bambancin.

Masu kallon ƙwallo, ga naku. A Landan akwai lambu da tasha mai suna St James's Park. Filin wasan Newcastle United ana rubuta shi St James' Park. Na ƙungiyar Exeter City kuwa St James Park ne, ba waƙafi sam. Suna ɗaya, rubutu uku, a ƙasa ɗaya.

Rigimar ta wuce wasa. A 2001 wani tsohon ɗan jarida mai suna John Richards ya kafa ƙungiya sukutum don kare wannan ɗan waƙafi. A 2009 majalisar birnin Birmingham ta yanke shawarar daina sa shi a allunan titunanta, mutane suka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu. A 2012 kamfanin sayar da littattafai na Waterstones, wanda babban shagonsa ke titin Piccadilly, ya cire nasa daga sunansa. Sunan wuri ko na kamfani yana bin abin da masu shi suka zaɓa. Jumlar da kuka rubuta a takardar WAEC ko NECO kuwa ƙa'ida take bi.

Haruffan da suka yi shiru

Bayan Earl's Court sai Gloucester Road. Idan kuka karanta shi harafi-harafi, ba wanda zai gane ku, domin Glosta ake cewa. Haka Leicester Square, dandalin gidajen sinima, Lesta ne. Holborn kuwa Hoban. Ƙarshen nan na cester ya samo asali daga kalmar Latin castra, wato sansanin soja, tun zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar. Baki ya gajarta sunan cikin ɗaruruwan shekaru, alƙalami ya ƙi bin sa.

Tashar Knightsbridge ta fi su duka ban mamaki. Ku ƙirga baƙaƙen da suka jeru a tsakiyarta ba wasali: g, h, t, s, b, r, guda shida. Kalmar knight, wato barde, yau nait ake furta ta. Amma a da Turawa suna furta k ɗin farko, suna kuma furta gh daga maƙogwaro. Haruffan da muke gani kamar banza, sawun tsohon lafazi ne da ya shuɗe.

Don mu ga inda rubutun ya fara daskarewa, sai mu canza jirgi mu nufi Westminster, unguwar majalisar dokoki da babbar hasumiyar agogo. Kusa da tsohuwar majami'ar Westminster Abbey ne wani ɗan kasuwa mai suna William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476. Kafin nan da hannu ake kwafar littattafai, kowane marubuci yana rubuta kalma yadda kunnensa ya ji. Da ɗab'i ya zo, sai rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya. Matsalar ita ce a daidai wannan zamani lafazin wasulan Turanci yana cikin wani babban sauyi da ya ɗauki kusan shekara ɗari uku. Kalmar time, da ake furtawa kamar tiim, ta koma taim, rubutunta kuwa bai motsa ba.

Caxton ya koyi sana'arsa a ƙasashen waje, kuma masu jera masa haruffa daga yankin Flanders suka zo, cikin ƙasar Beljiyam ta yau. Masana suna danganta h ɗin da ke cikin ghost da su, domin haka suke rubuta kalmar a harshensu. Daga baya wasu malamai masu ƙaunar Latin suka cusa b cikin debt don ta yi kama da debitum. Aka kuma ƙara s cikin island bisa zaton danginta ɗaya da isle, alhali ba su haɗa kaka ba.

Ku haɗa da wannan: a 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada. Shi ya sa saniya a garke cow ce, namanta a faranti beef, tunkiya sheep, namanta mutton. Turanci kamar kasuwar Kurmi yake, kaya daga kowace nahiya, kowanne da tambarin garinsu.

Shari'ar da ta rataya a kan waƙafi

Daga Westminster idan aka bi titin Strand zuwa gabas, za a tarar da wani katafaren gini na farin dutse mai tsinin hasumiyoyi, kai ka ce majami'a ce. Babbar kotun ƙasar ce, Royal Courts of Justice. A nan aka yi wa Roger Casement shari'a a 1916.

Casement mutumin Ailan ne da ya yi wa gwamnatin Birtaniya aiki a Afirka, har ya zauna a Kalaba. Ya yi suna a 1904 da rahoton da ya tona zaluncin da ake wa mutanen Kwango wajen tatsar roba. Daga baya ya shiga fafutukar 'yancin ƙasarsa, ya tafi Jamus neman taimako ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aka kama shi, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa a ƙarƙashin wata doka ta 1351, wadda aka rubuta da tsohon Faransanci kafin alamomin rubutu su zauna yadda muka san su.

Lauyansa ya ce dokar tana magana ne kan laifin da aka aikata a cikin ƙasar sarki, shi kuwa wanda ake tuhuma a Jamus ya yi nasa. Gardama ta koma kan inda ya kamata mai karatu ya ɗan dakata a cikin jumla guda. Alƙalai suka karanta ta da waƙafi a wurin da ya sa ta haɗa har da abin da aka yi a waje. An rataye Casement a watan Agusta na 1916.

Ku gwada da kanku. The teacher says Musa is late: malam ne ya ce Musa ya makara. The teacher, says Musa, is late: yanzu Musa ne ke cewa malam ya makara. Kalmomi shida ne ba su canza ba, waƙafi biyu suka juya laifin.

Gidan mai ƙamus

Daga ƙofar kotu titin ya koma Fleet Street, tsohuwar unguwar 'yan jarida. Ta hannun hagu akwai 'yan lunguna ƙunci, irin na cikin birnin Zariya, waɗanda mutum biyu ba sa jerawa sai da ƙyar. Ɗaya daga cikinsu zai fitar da ku wani ɗan fili shiru mai suna Gough Square, ana furta shi Gof. Gida mai lamba 17, na jan bulo, nan ne Samuel Johnson ya zauna daga 1748 zuwa 1759. Yau gidan tarihi ne, ana biya a shiga.

Idan aka hau matakalar katako har ƙarshe, za a iske dogon ɗaki a ƙarƙashin rufi. A nan Johnson da mataimakansa shida suka haɗa ƙamusun da ya fito ranar 15 ga Afrilu, 1755. Ya ƙulla yarjejeniyar aikin a 1746 yana tsammanin shekara uku za ta isa, sai da ya kwashe kusan tara. Yakan karanta littafi ya ja layi ƙarƙashin jumlar da ta yi amfani da kalma da kyau, mataimaka su kwafe ta a 'yar takarda, a jera bisa abacada. Ƙamusun ya fito a manyan kundaye biyu, da kalmomi sama da 42,000 da misalai sama da 100,000. Ya zama madogara fiye da shekara ɗari, kuma yawancin rubutun da ya zaɓa shi muke bi har yau.

A Amurka kuwa Noah Webster ya fitar da nasa a 1828, ya sauƙaƙa wasu kalmomi: colour ta zama color, centre ta zama center. Makarantunmu na Najeriya rubutun Birtaniya suke koyarwa, wayoyinmu kuwa sau da yawa na Amurka suke cusa mana. Ku lura kada ku gauraya su a rubutu ɗaya.

Kafin ku bar filin, ku duba ɗaya gefen. Akwai mutum-mutumin kyanwar Johnson mai suna Hodge, tana zaune a kan ƙamusun.

Tsarabar tafiya

Mu ma muna da namu 'yan ɗigogin. Lanƙwasa guda ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Waƙafin sama da ke cikin sa'a da jama'a da 'ya'ya sauti yake wakilta, ba ruwansa da mallaka. Wanda ya saba kula da waɗannan a Hausa, na Turanci ba za su ba shi wahala ba.

Ga abubuwa uku ku riƙe. Jam'i ba ya bukatar waƙafin sama: mangoes ne, ba mangoe's ba. It's gajeren it is ne ko it has, its kuwa mallaka ce, kamar nasa ko nata. Kalmar da lafazinta ya saɓa wa rubutunta, ku buɗe mata shafi a bayan littafinku, ku rubuta ta tare da yadda ake furta ta.

Aikin wannan mako: a hanyarku ta zuwa makaranta ku duba allunan shaguna, na teloli da masu aski da masu sayar da magani. Ku kwafo guda biyar masu waƙafin sama, ku tantance wanne ya zauna daidai, wanne ya ɓata hanya, sannan ku kai wa malaminku na Turanci ya duba.