Tambaya Sau Goma Sha Biyu

A kasuwar Pitowa littafin ya shigo hannuna, wata Lahadi, muna tsaye kusa da masu albasa. Wani malamin Turanci da ke koyarwa a Garwa ne ya zaro shi daga jaka ya ce, "Malam, karanta ka ga yadda ake aikinku." Maganar ta sosa ni, amma na karɓa. Sunansa A Life in Questions, tarihin rayuwar Jeremy Paxman da ya rubuta da kansa, ya fito a 2016. Shi ne ya gabatar da shirin Newsnight a talabijin ɗin BBC daga 1989 zuwa 2014, kuma 'yan siyasar Ingila sun san shi irin sanin da kaza ta yi wa shaho.

Abin da ya fi yin suna a kai ya faru ne a watan Mayun 1997. Ya tsare Michael Howard, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar ministan cikin gida ba, yana tambayarsa ko ya yi barazanar soke hukuncin shugaban hukumar gidajen yari. Howard ya yi ta kwana-kwana, Paxman ya maimaita masa tambayar nan guda har sau 12.

Masu karanta Ingilishi ba su da yawa a nan, Faransanci da Fulatanci ne suka cika gari. Don haka da na gama, sai na ware rabin sa'a a shirina na dare na ba da labarin littafin da Hausa, na buɗe layin waya.

Wani mai haya da babur ne ya fara shigowa, murya a sama. "Wannan shi ne namiji! Ku kuwa, baƙo ko tari ya yi sai ku ce sannu, ranka ya daɗe." Bayansa wani dattijo daga Pitowa ya kira. "Ɗana, in ka tambayi babba sau ɗaya ya kauce, ai ya ba ka amsa. Na biyu rashin kunya ne. Na goma sha biyu kuwa, sai a je a binciki gidan da ya fito." Malamin da ya ba ni aro, wanda shi kaɗai ya karanta daga bango zuwa bango, ƙorafinsa daban ne. Ya ce mutumin da ya yi shekara 25 yana tona cikin wasu ya faɗi yadda ubansa ya yi ta dukansa kafin ya bar su ya koma Ostireliya, amma da aka zo kan gidansa na kansa sai ya ja labule. Wata abokiyar aikina ta ce ai labarin uban ya bayyana komai, duk ministan da ya zauna gabansa ubansa yake gani. Ban yarda ba, bayanin ya yi sauƙi da yawa.

Suna magana, ni hankalina yana wani wuri. Bara wani babban ma'aikaci ya zo ɗakin shirinmu, na tambaye shi ina kuɗin da aka karɓa gida-gida a wata unguwa don haƙa rijiyar burtsatse. Ya yi mini bayanin damina da tsadar siminti. Na sake tambaya. Sai ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan gidan wane ne ma?" ya kuma ambaci unguwar mahaifina, ana jin mu a duk gari. Ban yi ta uku ba. Kafin in isa gida an riga an kira kawuna. Inna ta tare ni a tsakar gida: "Ka ci mutuncin sa'an ubanka a bainar jama'a." Da safe kuma, a teburin mai shayi, samari suka yi ta kirana matsoraci. Tambaya biyu ke nan kacal, ta yi wa Inna yawa, ta yi wa samari kaɗan.

Akwai abin da ban faɗa wa mai babur a iska ba, ko da yake ya sani. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, an kama shi a Marwa a watan Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10, bai fito ba sai Disamban 2017. Martinez Zogo na gidan rediyon Amplitude FM, wanda ke kiran manya da sunayensu a shirinsa Embouteillage, an sace shi ranar 17 ga Janairun 2023, bayan kwana biyar aka tsinci gawarsa a wajen Yawunde. Paxman kuwa, bayan daren Howard, ya ƙara shekara 17 a kujerarsa, ya sauka, ya rubuta littafi.

Sai dai in na ɓuya bayan waɗannan sunaye na yi ƙarya. Ba wanda zai kashe ni kan rijiya. Kunya ce ta rufe mini baki ranar nan, da tunanin fuskar kawu, da albashin ƙarshen wata.

Kusa da ƙarshen shirin na gaya wa masu sauraro abin da Paxman ya faɗa daga baya: rahoton da zai biyo bai shirya ba, shi ya sa ya yi ta jan hirar. Na so in ga ko jarumtar za ta ragu a idonsu. Dattijon ya sake kira yana dariya. Mai babur bai sake kira ba. Ni dai labarin bai sauya mini komai ba, domin ko da cike lokaci yake yi, duk wanda ya kalla ya tashi da sanin cewa Howard bai amsa ba. Masu saurarona kuwa, da na tsaya a ta biyu, da yawa sun kwana suna zaton siminti ne ya yi tsada.

Na mayar wa malamin littafinsa Lahadin da ta wuce. Matan unguwar nan har yanzu a bakin mayo suke ɗibar ruwa. Shekaranjiya aka aiko daga ofishin ma'aikacin cewa yana son ya dawo shirin ranar Alhamis don ya yi bayanin sababbin ayyuka. Na rubuta tambayar rijiya a saman takardata. Inna ta ce ranar za ta kashe rediyo ta je gidan ƙanwarta.