Kwano Ɗaya Ya Yi Saura

Da yawanku kun ga hotunan doguwar tafiyar keke da zumuntar matasanmu ta yi daga Ƙaraye zuwa Rogo. Kun yi mana barka, wasu har sun ce a rubuta sunansu a ta gaba. Mun gode. Sai dai akwai abin da ya faru ran nan wanda bai fito a hoto ba, mun kuma daɗe muna jin nauyin faɗarsa. Mun nemi izinin wanda abin ya shafa da na iyayensa, sun ce mu rubuta, amma kada mu sa suna.

Asalin maganar daga waya ta fito. Wata Lahadi bayan sujada, ɗaya daga cikinmu ya nuna mana bidiyon wata gasa da ake yi a Afirka ta Kudu, sunanta Cape Epic. Tun shekarar 2004 ake yin ta. Mahaya sukan kwashe kwana 8 a kan keke, suna hawa duwatsu suna gangarowa, su ci wajen kilomita 600 ko fiye. Muka yi ta dariya, muna cewa dubi masu kuɗi suna biya don su sha wahalar da mu muke sha kyauta. Mu a nan ai keke ba abin wasa ba ne. Da shi ake kai buhun masara kasuwa, da shi ake zuwa gona da makaranta, da shi kuma tsofaffin masu bishara suka zagaya ƙauyukan nan tun kafin a haife mu. Amma dariyar ba ta ƙare ba sai da wani ya ce, "To mu fa? Duwatsu irin nasu ne ba mu da su, amma yashi da kwazazzabai ai muna da su." Nan take shawara ta ƙullu: mu bar kwalta, mu bi burtali da hanyoyin gona har Rogo, mu gai da 'yan'uwanmu na can. An ce zumunci a ƙafa yake, mu kuma ƙafar za mu ɗora a feda.

Baba Fasto ya yarda, da sharaɗi uku. Kowa ya faɗa wa iyayensa. A sanar da mai unguwa. Kada faɗuwar rana ta same mu a daji. Muka sa ranar Asabar ta bayan Kirsimeti, lokacin an gama girbi, hanyoyi sun bushe. Mu 23 ne, maza 18, mata 5. Mutum huɗu ne kawai ke da keke mai giya, irin wanda ake sayowa a gwanjo. Sauranmu tsofaffin kekunan gida ne, masu kariya a baya. Muka aika wa iyayenmu mata na zumuntar matan can cewa su sa ran baƙi 23.

A cikinmu akwai wani ƙaninmu, shekararsa 14, shi ne autan tafiyar. Keken babansa ya aro, baƙi, dogo, ya fi ƙarfinsa. In ya zauna a sirdi, da ƙyar yatsunsa ke taɓa feda, don haka rabin tafiyar a tsaye yake tuƙi. Keken nan shi kaɗai ne abin hawa a gidansu. Da babansa zai ba shi, sai da ya biyo shi har ƙofar coci, ya ce wa shugabanmu, "Ga ƙaninku nan, amana." Shugaban ya ce, "Ba komai Baba, yana hannunmu."

Ƙarfe shida da rabi muka yi addu'a muka tashi. Hazo ya rufe gari, sanyin hunturu yana yankan yatsu. Farkon tafiyar sai daɗi. Muna waƙa, muna zolayar juna, yara a ƙauyuka suna biyo mu da gudu. Zangonmu na farko kusa da madatsar ruwan Challawa muka yi shi. Duk da a ƙaramar hukumarmu take, akwai waɗanda a cikinmu ran nan suka fara ganinta da ido. A 1992 aka gama gina ta, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, ruwan da take saki kuma shi ne ke gangarawa har ya haɗu da kogin Kano, ya nufi Haɗeja. Muka tsaya muna kallon masunta a kwale-kwale, da masu noman rani suna tayar da injin ban ruwa. Muka ci dabino da ƙuli-ƙuli, muka sha ruwa. Shugaba ya ƙirga mu, 23 cif. Wannan ita ce ƙirga ta ƙarshe da muka yi a hanya.

Babu wanda ya ce a yi tsere. Haka kawai ya faro. Masu giya suka ɗan ja gaba, wasu suka ce ai ba za a nuna musu sabon keke ba, suka bi su. 'Yan matan ma suka ce ba a bar su a baya ba. Rana ta ɗaga, hazo ya waye, sanyi ya koma zafi. Wanda bai taɓa tuƙa keke cikin yashi ba ba zai gane ba: tayar gaba ta nutse, kan keken ya riƙa fizgewa, ka taka da duk ƙarfinka amma kamar ana jan ka ta baya. Ga ƙaya, ga gangaren rafi da sai ka sauka ka tura. A irin wannan wuri mutum ba ya ganin kome sai tayar wanda ke gabansa. Waƙa ta mutu. Layinmu ya miƙe, ya tsinke gida uku ko huɗu, kowane rukuni yana zaton na baya suna tare da wani.

Wajen ƙarfe ɗaya muka shiga Rogo, ƙura har gira. Aka tarbe mu da guɗa. Muna ta musu a kan wa ya fara isowa, wa ya zo na biyu. Iyayenmu mata suka fito da shinkafa da wake, an riga an zuba a kwanuka daidai yawan da muka faɗa. Kowa ya ɗauka. Sai wata Mama ta tsaya da kwano ɗaya a hannu, ta ce, "Yarana, wane ne bai karɓa ba?" Muka dubi juna. Ta sake tambaya. A lokacin ne wata 'yar'uwa ta ce, "Ina auta?"

Ba shi da waya. Babu wanda ya iya faɗin inda ya gan shi na ƙarshe, ko kuwa dai babu wanda ya yarda ya faɗa. Abinci ya fita ranmu. Aka ba mu aron babur biyu, mutum huɗu suka koma ta hanyar da muka biyo, sauran muka zauna muna addu'a, kowa da abin da yake saƙawa a zuci. Yaro shi kaɗai a daji, da zafin rana, a hanyar da bai sani ba, kusa da iyakar jihohi uku, tunda Rogo tana maƙwabtaka da Katsina da Kaduna. Me za mu ce wa babansa?

A gindin wata tsamiya suka same shi, a rumfar wani dattijo mai faci. Abin da ya faru shi ne, a wani gangare kacar keken ta tsinke, ya faɗi, ya goge gwiwa da gwiwar hannu, gorar ruwansa ta fashe. Ya tura keken nan fiye da awa ɗaya, bai yarda ya yar da shi ba don na babansa ne. Dattijon, Musulmi ne, yana shirin alwalar azahar ya hango shi yana tangaɗi. Ya zaunar da shi a inuwa, ya wanke masa ciwon, ya aika gida aka kawo fura, sa'an nan ya cire haƙorin kacar da ya karye ya haɗa ta. Da 'yan'uwanmu suka durƙusa suka gaishe shi, suka miƙa masa kuɗi, ya ce su mayar aljihu. Ya ce, "Samari, ku ne abokan tafiyarsa?" Suka ce, "Mu ne, Baba." Ya ce, "Ko Bafulatani ba ya barin mashaya sai ya duba shanunsa. Ku mutum kuka bari." Bai ƙara ko kalma ba, ya tashi ya shiga salla.

Mun dawo gida lafiya, a motar da ikilisiyar can ta nemo mana, kekuna a sama. Muka ɗauka magana ta wuce. Amma Lahadi ta zo, auta bai zo zumunta ba. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Sai muka tashi mu shida muka je gidansu. Babansa ya amsa gaisuwarmu, bai ambaci amanar da ya ba mu ba, shirun nan kuwa ya fi faɗa zafi. Da aka kira yaron, ya daɗe kansa a ƙasa, sa'an nan ya ce wa shugabanmu, "Yaya, ba faɗuwar ce ta dame ni ba. Na yi ta buga ƙararrawa, na yi kira. Wani ya waiwayo, ya gan ni a ƙasa, ya ci gaba."

Bai faɗi ko wane ne ba, ba mu kuma tambaye shi ba. A taronmu na Laraba shugaba ya maimaita maganar, ya ce ba ya neman mai laifi. Mutum ɗaya muke zato. Mutum uku ne suka miƙe. Ɗaya ya ce ya ɗauka akwai wasu a baya da za su tsaya. Ɗaya ya ce ya yi zaton kaca ce kawai ta zame. Na ukun ya ce gaskiya ya gani sarai, amma ya kusa kamo masu giya, bai so ya rasa wurinsa ba. Sauranmu da ba mu miƙe ba ba mu fi su ba. Su sun waiwaya ma. Mu ko tunawa da shi ba mu yi ba, sai da kwano ya tuna mana.

Bayan haka ne wanda ya kawo bidiyon nan ya koma ya karanta dokokin gasar, ya dawo mana da abin da ya ba mu kunya. Ashe ainihin Cape Epic bibbiyu ake shigarta. Doka ta ce kada tazarar da ke tsakanin abokan hawa biyu ta wuce minti 2. In ta wuce, hukunci za a yi musu, kome gudun na gaban. Wato in abokinka ya gaji, kai ma ka rage gudu. In tayarsa ta yi faci, kai ma ka tsaya. Mutanen da suke tsere don kuɗi da suna ke nan. Mu da muka fita da sunan zumunci, gudun muka kwaso, muka bar dokar.

Baba Fasto ya ce mu je mu karanta Farawa sura 33. Bayan Yakubu da Isuwa sun shirya, Isuwa, mai mutum 400, ya nemi su kama hanya tare. Yakubu ya ba shi haƙuri. Dalilinsa shi ne yaran ƙanana ne, dabbobin kuma suna shayarwa, in aka matsa musu ko na yini ɗaya za a yi hasara. Ya zaɓi ya bi a hankali, gwargwadon ƙafar yara da ta garke. Mun sha karanta wurin nan, ba mu taɓa lura ba. Mai iyali ba ya auna tafiya da ƙarfin kansa. Mu mun auna tamu da wanda ya fi kowa gudu, shi ya sa muka yi murnar isowa alhali ba mu iso ba. Mutum 22 ne suka shiga Rogo. Zumuntar tana can a gindin tsamiya.

Mun sake zuwa gidansu, mu duka wannan karon, muka roƙi gafara wurin yaron da iyayensa. Muka haɗa kuɗi muka sayi sabuwar kaca. Muka kuma koma wurin dattijon nan da ƙwaryar goro, wannan kam ya karɓa, ya sa mana albarka. Auta ya dawo zumunta, ko da yake ya ɗauki lokaci kafin ya saki jiki da mu, ba mu kuma ga laifinsa ba.

Kafin damina ta sauka mun sake yin tafiyar, ga yadda muka tsara ta. Kowa yana da abokin hawa, ba ya wuce inda zai ji ƙararrawarsa. Marasa ƙarfi ne a gaba, masu giya a can baya, ɗauke da famfo da kayan faci da filaya da sifana. Duk mararraba sai an tsaya an ƙirga. Kowa ya riƙe gora biyu, ɗaya ta ruwa, ɗaya ta ruwan gishiri da sukari. Mun koyi rage wa taya iska kaɗan kafin shiga yashi, ta fi kama ƙasa. Mun tashi da asuba don mu huce zafin rana a inuwa. Ba a shiga gonar kowa, duk wanda aka wuce kuma a gaishe shi. Mun fi na farko daɗewa a hanya da kusan awa biyu, masu gudun cikinmu sun yi ta cije baki. Ɗaya ya ce tafiya a bayan auta ta fi tseren wuya, domin a tsere ƙafa ce ke gajiya, a nan kuwa zuciya ce. Da muka isa, aka raba abinci, babu kwanon da ya saura.

Masu son shiga ta gaba, ƙofa a buɗe take, ku ga shugaban matasa bayan sujada. Ba ma tambayar irin kekenka ko yawan gudunka. Kafin nan, ga aikin da muka ba kanmu, muna kuma roƙonku ku taya mu: ran Lahadi ku dubi bencin da kuke zama, ku tuna wanda ya saba zama kusa da ku, wanda kuka kwana biyu ba ku gani ba. Wataƙila ya buga ƙararrawa. Ku je ku duba shi cikin makon nan.

Ubangiji ya ba mu idon waiwaye, ya kuma kai mu gida tare. Amin.