Hanya Biyu a Gaban 'Yarmu

Dukanmu iyaye mun san nauyin biyan kuɗin makaranta. Amma akwai wani nauyi dabam, wato ba ɗa shawara a kan karatun da mu kanmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Abin da ya same mu ke nan a gidanmu a Kambarawa, cikin birnin Katsina. 'Yarmu ta fari ta gama digiri a kan lissafi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta yi bautar ƙasa, sai ga hanya biyu a gabanta don digiri na biyu: injiniyancin kuɗi, ko kuwa kimiyyar gudanarwa.

Da yake matambayi ba ya ɓata, sai muka shiga tambaya.

Injiniyancin kuɗi shi ne amfani da lissafi da kwamfuta don a auna darajar takardun kuɗi da hatsarin da ke cikinsu. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka fito da lissafin da ya kafa wannan fanni. A 1997 aka ba Scholes da Robert Merton lambar Nobel. Amma a 1998 kamfanin zuba jari da su biyun ke ciki ya kusa durƙushewa, sai da bankuna suka ceto shi. Ashe lissafi mai kyau ba ya hana asara. Albashin wannan aiki yana da tsoka, sai dai yawancin guraben suna Legas, inda kasuwar hannun jari da manyan bankuna suke, ko kuwa a ƙasashen waje.

Kimiyyar gudanarwa kuwa ta samo tushe ne a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka sa masana lissafi su tsara yadda za a yi amfani da kaya kaɗan a biya bukata mai yawa. A 1947 George Dantzig na Amurka ya ƙirƙiro hanyar lissafi da har yau ake aiki da ita. Tambayoyinta irin namu ne: motoci nawa za su kai taki ga ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina kafin damina? Yaya za a rage layin asibiti?

Ba mu ɓoye mata kome ba. Muka ce ƙannenta uku suna makaranta, albashi mai kauri zai sauƙaƙa mana. Muka kuma ce muna son ta a kusa, gama tsufa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Bukatun nan biyu suna jan juna, don haka muka ce kada ta ɗora zaɓinta a kan ko ɗaya.

Bayan mako guda ta ce, "Baba, Mama, ina son aikin da zan ga amfaninsa da idona." Ta zaɓi kimiyyar gudanarwa. Kuɗi zai yi mana wuya na wasu shekaru, mun sani, mun kuwa yarda.

'Yan'uwa iyaye, in irin wannan ta zo muku, ku bincika abin da ake koyarwa, da inda aikin yake, da abin da zai ci. Ku faɗi bukatarku a fili. Sa'an nan ku bar mai ɗaukar kaya ya zaɓi gammonsa.