Badalar da Ta Ɓoye Tafki

Mun daɗe muna tafiya a gefen tafkin Okicobi, a kudancin jihar Fulorida ta Amurka, ban ga ko ɗigon ruwa ba. Gefe guda gonakin rake ne iya ganinka, ƙasarsu baƙa ƙirin kamar an barbaɗa gawayi. Ɗaya gefen kuwa wani dogon tudu ne mai ciyawa ya miƙe sambal, ba farko ba ƙarshe. Da na gaji na ce wa mai masaukina, "Malam, ina tafkin da ka ɗauko ni tun daga Mayami in gani?" Ya nuna tudun da haɓa, ya ce, "Yana bayan wancan."

Sai da muka hau, muna haki, sannan na yi salati. Ruwa ne shimfiɗe har inda sama ta taɓa shi, babu alamar ɗaya gaɓar. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,900, amma zurfinsa a yawancin wurare bai cika mita uku ba. Faranti ne ƙato. Can ƙasa wani kada yana shan hantsi, bai ko kula mu ba.

Tudun da muke tsaye a kai shi ne madatsar Habat Huba, mai sunan tsohon shugaban Amurka. Ni dai badala na kira ta, don ita ta faɗo mini a rai. Tsawonta kilomita 230, tsayinta kimanin mita tara, ta kusa zagaye tafkin kaf. Badalarmu an yi ta don tare maharan waje, wannan kuwa abin tsoron a cikinta yake.

Dalilin gina ta ba daɗin ji. A watan Satumba na 1928 wata mahaukaciyar guguwa ta tura ruwan tafkin gefe guda, kamar yadda za ka karkata faranti, ya haure 'yar gajerar madatsar laka da ke wurin a lokacin, ya afka wa garuruwan Bel Giled da Fahoki cikin dare. Mutum aƙalla 2,500 suka rasu, akasarinsu baƙaƙen fata 'yan ƙodagon gona. A birnin Wes Fam Bic an zuba gawar 674 daga cikinsu a rami guda, aka yi shekaru da dama ko alama ba a kafa musu ba. Bayan haka ne sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya fara ginin a shekarun 1930, aka ci gaba da faɗaɗa shi har cikin shekarun 1960.

To, da me aka gina? Da abin da aka yaso daga gindin tafkin: yashi, tsakuwa, ɓawon katantanwa da farin dutse mai ramuka. Ruwa kuwa ba ya rasa hanya. Yakan tsattsafa ta cikin jikin madatsar da ƙarƙashinta, yana kwasar yashi kaɗan-kaɗan, har ya yi rami kamar na gara a cikin azara: waje lafiya lau, ciki ya rube. Ga shi idan damina ta yi ƙarfi, ruwan da ke shiga tafkin ya ninka wanda ake iya saki sau da yawa. Bayan ambaliyar guguwar Katirina ta 2005 ta cinye birnin Niyu Olins, masana suka duba wannan madatsa, rahotonsu na 2006 ya ce hatsarin babba ne kuma yana dab.

Gyaran shi ya fi ɗaure mini kai. Ba su rushe ba, ba su ɗora wani gini a sama ba. Injuna suka riƙa tsaga tsakiyar madatsar daga sama, suna cuɗa ƙasar wurin da siminti da wani yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, har katanga ta tsaya a cikin cikinta. Kaurinta bai kai mita ɗaya ba, amma a wurare da dama ta nutsa kusan mita 20, ta bi tsawon kilomita 90 a sassan da suka fi rauni. Aka kuma sauya tsofaffin magudanan ruwa 28 na tun zamanin farko da suka yi tsatsa. Aikin ya ci fiye da dala biliyan ɗaya da rabi, aka kammala shi a farkon 2023. Su kansu injiniyoyin ba sa cewa hatsari ya ƙare, cewa suke an rage shi, kuma wannan gaskiyar tasu ta burge ni.

Na tuna Maiduguri da madatsar Alau da ta ɓalle a Satumban 2024, na yi shiru.

Kafin mu sauka na ce wa mai masaukina ya nuna mini katangar, ko hoto in ɗauka in kawo gida. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya buga ƙafarsa a kan tsakuwar da muke takawa, ya ce, "Ai tun ɗazu a kanta kake tsaye."