Malam Soja

Ina gaban kwamfuta ina lalubo kuskuren da ya hana wata manhaja aiki, sai saƙo ya shigo ta WhatsApp: Allah Ya yi wa Malam Soja rasuwa da asuba.

Shi ya koya mana lissafi a sakandare. Kafin ya riƙe alli, yana cikin dakarun ECOMOG da suka tafi Laberiya a 1990. Bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba. In mun matsa, sai ya ce a buɗe littafi.

Da yamma judo yake koya mana kan tsofaffin katifu. Wata guda cur faɗuwa kawai muke koyo: ka manna haɓa a ƙirji, ka bugi katifa da hannu, kada ƙeya ta taɓa ƙasa. Na gaji na daina zuwa. Har gida ya biyo ni, ya ce wa Baba, "Alhaji, yaron nan kunyar faɗuwa yake ji. A ba ni shi."

Shekara shida ina cewa sai na je gida da Sallah zan gaishe shi. Lambarsa na nan a wayata, na kasa gogewa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya kyautata namu zuwan.